Alawus ɗin cike-gurbi a albashin Indiya: gata ne ko wayo?

Baƙon Pune: Salamu alaikum jama'a. Ku taya ni duba takardar albashin nan. Jimilla rupi 200,000 a wata: tsurar albashi 60,000, kuɗin haya 30,000, sai wani layi da suka kira alawus na musamman, 110,000. Na tambayi mai kula da ma'aikata ko na mene ne, ya ce ba na komai ba ne, ragowa ce bayan an cike sauran layukan. Abokin aikina ɗan ƙasa ya ce gata ne, tunda ba a cire kuɗin EPF, wato asusun ajiyar ritaya na ma'aikata, daga ciki. Ni kuwa na ce wayo ne. An tsuke tsurar albashi ne don kamfani ya rage abin da yake zuba mana.

Mai Ƙididdiga: Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, lissafi yana bayanka. Kai kana zuba kashi 12 cikin ɗari, kamfani ma 12. A kan 60,000 kowa zai ba da 7,200. In an haɗa da ragowar, 170,000 ke nan, kowa 20,400. Ka ga 13,200 kamfani yake tsira da su duk wata. Kuma ta fuskar haraji ba wani rangwame a wannan layin, ɗungurungum ake lissafa shi. Kuɗin haya ne yake da sassauci, shi ma sai ga wanda ya zaɓi tsohon tsarin haraji.

Hajiya Maman Biyu: Malam, ku masu lissafi kuna manta cefane. Wanda yake biyan haya a Bangalo, ga kuɗin makarantar yara, a ce masa a ƙara tsare 13,200 sai ya tsufa? Kuma ku tambaya da kyau: yawancin kamfanonin nan kasonsu ma cikin jimillar da suka yi maka alkawari suke lissafa shi. In aka ɗaga, daga aljihunka za a cire duka biyun. Tsuntsu guda a hannu.

Tsohon Lauya: Hajiya, ai ba zaɓi ba ne, kotu ta riga ta yi magana. Ranar 28 ga Fabrairun 2019 Kotun Ƙolin Indiya ta yanke hukunci a shari'ar wata makaranta ta Bengal ta Yamma, Vivekananda Vidyamandir, haɗe da wasu ƙararraki. Ma'aunin da ta sa mai sauƙi ne: duk alawus ɗin da ake ba kowa da kowa, kullum, ba don ya yi wani ƙarin aiki ba, tsurar albashi ne ko wane suna aka laƙaba masa. Abin da ya tsira shi ne irin kuɗin ƙarin lokaci, da ladan ƙwazo mai hawa da sauka, da kuɗin haya da dokar EPF ta 1952 ta ware tun farko. Ma'aunin ma ba sabo ba ne, tun shari'ar kamfanin Bridge and Roof ta 1962 yake nan.

Hajiya Maman Biyu: To, ranka ya daɗe, in haka ne me ya sa har yau layin bai ɓace daga takardun albashi ba?

Tsohon Lauya: Saboda iyaka. Tun Satumban 2014 wajibin zubi ya tsaya ne a kan albashin rupi 15,000, wato 1,800 a wata. Wanda tsurar albashinsa ta haura haka, kamfani zai iya tsayawa a nan, doka ba ta ce komai ba. Hukuncin ya fi taɓa na ƙasa: mai gadi ko mai shara da aka rubuta wa tsura 8,000, alawus 6,000. Shi ne aka daɗe ana yi wa sakiyar da ba ruwa.

Mai Ƙididdiga: A ƙara da sabuwar dokar albashi ta 2019, wadda aka sanar da fara aiki da ita a Nuwamban 2025: in abubuwan da aka ware suka wuce rabin jimilla, rarar ta koma albashi. Mu ma a Najeriya an san wannan wasan. Dokar fansho ta 2014 ta sa kamfani ya zuba kashi 10, ma'aikaci 8, ta kuma ce kada a lissafa a kan ƙasa da tsura da kuɗin gida da na sufuri. Sai ka ga sauran alawus sun yi ƙiba, ukun nan sun rame.

Baƙon Pune: Kun gani? Gobe zan je in ce a gyara mini.

Tsohon Lauya: Dakata, ƙanena. Fasfo ɗin wace ƙasa gare ka?

Baƙon Pune: Kore ne, na gida.

Tsohon Lauya: To kai lissafinka daban. Tun 2008 baƙon ma'aikaci ba shi da iyakar 15,000, a kan cikakken albashi ake cire masa, don haka ƙorafinka ya fi na abokinka tushe. Amma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da suka ƙulla yarjejeniyar fansho da Indiya, kuma wanda ƙasarsa ba ta ciki ba ya kwashe kuɗin sai ya kai shekara 58, ko da ya koma gida tuntuni, in ba naƙasa ta hana shi aiki ba. Babbar Kotun jihar Karnataka ta soke wannan tanadi na baƙi a 2024, sai dai Pune a wata jihar take, Maharashtra.

Hajiya Maman Biyu: Shekararka nawa, ɗana?

Baƙon Pune: 31, Hajiya. Kwantiragin kuma na shekara biyu ne.

Mai Ƙididdiga: Duk da haka kuɗinka ne, ana kuma ɗora masa riba. Ta 2024 zuwa 2025 kashi 8.25 ce.

Hajiya Maman Biyu: Malam, kai za ka biyo masa takardu zuwa ofishin EPF nan da shekara 27?