Sabulun wanke-wanke ko shamfun mota: wanne ke cire tsohon kaki?

Mai Baƙar Mota:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar fenti. Motata baƙa ce, fentin kamfani ne a jikinta. Akwai kakin carnauba da ya kwana biyu, ya mutu a bonet da rufi, amma a ƙofofi har yanzu ruwa yana dunƙulewa, alamar kakin yana nan. Na sayi silant, wani ruwan kare fenti da ake shafawa a madadin kaki, zan shafa, kuma an rubuta a jikin kwalbar cewa sai an cire tsohon kaki tukuna. Abu biyu ke hannuna: sabulun ruwa na wanke-wanke, da shamfun mota mai pH 7 (pH ma'aunin kaifin sinadari ne, 7 kuwa tsaka-tsaki). Ba ni da injin folish. Da wanne zan wanke?

Direban Dare:
Wa alaikumus salam. Ka sa inji ka yi mata folish, sannan ka sa siramik, shafin kariyar nan mai daɗewa, ka huta.

Mai Goge Mota:
Direba, mutumin ya ce ba shi da inji, kuma silant ya saya.

Ɗan'uwa, shamfun nan naka ba zai cire komai ba, don an haɗa shi ne musamman ya wanke datti ya bar kaki. In ma irin mai kaki a ciki ne, ƙara maka zai yi. Sabulun wanke-wanke kuwa zai ci kakin da ya riga ya gaji. In da shi za ka yi, zuba mililita 30 a ruwa lita 10. Bokiti biyu, ɗaya na kumfa, ɗaya na ɗauraye soso. Mota a inuwa, jikinta da sanyi. Fara watsa ruwa ƙura ta sauka, sai ka bi daga rufi zuwa ƙasa, gefe ɗaya bayan ɗaya, kana ɗaurayewa kafin kumfa ta bushe. Soson maikurofaiba, mai zare masu laushi, za ka sa, kuma kar ka danna, don wannan sabulun ba shi da santsin shamfu, a kan baƙin fenti kuwa ko ƙaramin kwarzane sai ya fito a rana.

Oga Fenta:
Wannan shawarar ce ke kashe motocin mutane. Ku da kuke ba da ita ba ku kuke ganin ƙarshenta ba. Robar gilashi ta bushe ta tsage, ruwa ya riƙa shiga ƙofa. Baƙar robar bamba da ta madubi su koma toka-toka. Fenti ya dushe, mai mota ya zo yana cewa fenta ya cuce shi, ya sa masa kiliya (shafin nan marar launi da ake fesawa a saman fenti) marar kyau, alhali shi ya cire kakin da ke kare ta ya bar ta tsirara a rana. Kiliyar nan kaurinta maikuron 40 zuwa 50 ne kawai, ba ta kai kaurin takardar rubutu ba. In ta fara ɓarewa babu folish ɗin da zai dawo da ita, sai an kankare an sake feshi. Sabulun kwano na kwano ne. An yi shi don ya cinye maiƙo, kuma bai san bambancin maiƙon tukunya da man da ke riƙe da laushin roba ba.

Ɗan Auta:
Ni dai shawarata, ka nemi izinin uwargida kafin ka ɗauki sabulun. In ba haka ba kakin zai fita, kai ma ka fita.

Malamin Kemistiri:
Oga Fenta, da girmamawa, abin da ka lissafa aikin wanda ya mai da sabulun kwano sabulun kullum ne. Wanki ɗaya ba ya ɓare kiliya, rana da rashin kariya ke yin wannan. Mai tambaya kuma silant zai shafa a ranar.

Damuwata daban ce. Sabulun wanke-wanke yana yaudarar ido. Ka wanke, ka ga ruwa ya daina dunƙulewa ya shimfiɗe, ka ce kaki ya tafi. Sau da yawa yana nan. Sinadaran kumfar ne suka bar wani siririn shafi a sama wanda ke sa ruwa ya baje, irin aikin da aka yi su su yi a jikin kofi don ya bushe ba tabo. Ka ɗauraye da ruwa mai yawa, ko ka goge wurin da sifirit, sai ka ga dunƙulewar ta dawo. Carnauba daga ganyen wata bishiyar dabino ta arewa maso gabashin Brazil ake samunsa, yana da tauri, sai zafi ya kai digiri 82 zuwa 86 yake narkewa. Ba kumfa ɗaya ce za ta ɗauke mai sauran ƙarfi ba. Mai Baƙar Mota, a bonet da rufin motarka zai fita, a ƙofofin nan ina shakka. Silant kuwa in ya hau kan kaki ba ya kama fenti, abin da ya kamata ya yi wata huɗu zuwa shida sai ya tafi a 'yan makonni.

Oga Fenta:
Malam, kai a littafi ka gani. Wanda ke riƙe da bindigar feshi shi ya san fenti.

Mai Goge Mota:
Oga, ai kai ma in za ka yi feshi ba sabulu kake dogara da shi ba. Sai ka bi da ruwan cire maiƙo da silikon, in ba haka ba fenti ya yi maka ido-ido, wato 'yan ƙananan ramuka. Maganar Malam ke nan.

Mai Baƙar Mota, ga abin da za ka yi ba tare da inji ba. Bayan wanki, sa hannunka cikin siririyar leda ka shafa fentin. In ka ji kaushi, yana buƙatar yumɓun goge fenti. Fesa ruwan shamfu sosai don santsi, ka bi da yumɓun a miƙe, ba zagaye ba, kana ninke shi duk lokacin da ya yi datti. In ya faɗi ƙasa, jefar da shi. Daga nan sifirit na isopropyl: in mai kashi 70 ne, awo ɗaya a ruwa awo uku, zai ba ka wajen kashi 17. Fesa a tawul, ba a mota ba, goge fili kaɗan, bi da busasshen tawul nan take. Kar ka yi a kan fenti mai zafi, kar kuma ka yi a kan fentin da bai yi wata ɗaya da feshi ba. Wanda ya fi duka tabbas shi ne folish mai laushi da hannu, don shi kankare saman yake yi, ba ya barin kaki.

Direban Dare:
Akwai shamfu na musamman na cire kaki, pH ɗinsa ya fi na kullum. Sai dai tsada, kwalba ɗaya ta sayi sabulun kwano da yawa.

Hajiya Mai Jif:
Ba tsada ba ne in ka yi lissafi. Murfi biyu ake zubawa a bokiti, kuma sau biyu ko uku a shekara ake buƙatarsa. Kwalbar za ta daɗe.

Direban Dare:
Hajiya, wanda zai yi amfani da shi sau ɗaya fa? Asara ce.

Mai Baƙar Mota:
Na gode ƙwarai. To in na yi yumɓu da sifirit, wankin farko da shamfuna zan yi ko da sabulun? Nan ne ban gane ba.

Hajiya Mai Jif:
Ni duk wannan bai dame ni ba kamar abin da ake yi a wasu wuraren wankin mota. Kuna ta muhawara a kan wanki ɗaya, su kuwa omo suke kaɗawa kullum. Garin ba ya gama narkewa, ƙwayoyinsa su shiga soso su riƙa zane fenti. Tsumma ɗaya a goge taya da rim, a ɗaga shi a hau bonet.

Malamin Kemistiri:
Gaskiya ne Hajiya. Omo pH ɗinsa yana kai wa 10 zuwa 11, ya fi sabulun kwano kaifi nesa ba kusa ba. In ya bushe a rana yana barin farin tabo a roba da aluminiyam. Haka garin injin wanke kwanuka, kada wani ya ji ana cewa sabulun wanke-wanke ya ɗauko shi.

Oga Fenta:
Yanzu kuka zo kan magana. Ƙurar birki akwai ɓarɓashin ƙarfe a ciki. Tsumman da ya taɓa rim bai kamata ya sake taɓa fenti ba har abada. Ga injin feshin ruwa da suke mannawa a jikin mota, duk inda dutse ya ɗan fasa kiliya sai ruwan ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga ta. Taku ɗaya baya ya kamata mai riƙe da shi ya ja. Ka faɗa musu, su ce sauri suke yi, motoci na layi.

Hajiya Mai Jif:
Oga, in mutum ya kai nasa shamfu da tawul, suna yarda su yi amfani da su kuwa, ko sai ya tsaya a kansu?