Masu rainon okid ɗin ƙasa, ku zo mu ji yadda take yi muku

Mai Furanni: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ba ni okid ɗin nan, shukar ado da ke fita a ƙasa, Spathoglottis plicata, mai fure ruwan hoda mai duhu. Ganyen na nan kore shar, amma gindin ya fara laushi, har da ɗan wari. Wanda ya dasa mini ita ya binne dunƙulen gindin kaf a cikin ƙasa. Don Allah masu ita, ku gaya mini abin da kuka gani da idonku.

Kawu Mai Lambu: Wa'alaikumus salam 'yata. Ki tone ta yau, kada ki bari sai gobe. Dunƙulen nan shi ne rumbun ruwanta, kuma ba ya son a rufe shi. Saiwa ce kawai ke shiga ƙasa, shi kuma ya zauna a sama, aƙalla rabinsa a waje yana shan iska. Nawa da suka daɗe duk haka suke, kina iya ganin kawunansu jere a bakin tukunya. Idan kin tone, ki matsa kowanne da yatsa. Mai tauri zai rayu. Wanda ya yi laɓo-laɓo, ya koma ruwan ƙasa yana tsattsafo da ruwa, ki yanke shi da wuƙa mai tsabta ki yar. Sauran ki ajiye a inuwa yankan ya bushe, sannan ki sake dasawa. Ƙasar da nake haɗawa: ɓawon kwakwa, gawayi dakakke, yashi, da ɗan taki da ya gama ruɓewa. In na zuba ruwa, nan take nake ganin yana fita ta ƙasan tukunya. In ya kwanta a sama, ƙasar ta yi nauyi ke nan.

Maman Biyu: Gaskiyar Kawu ce. Ni rana ce ta ɗaure mini kai. Wadda ke ƙarƙashin bishiya ganye kawai take yi, dogo, ba fure. Da na mai da ita inda take samun ranar safe, da rana ta take kuma inuwa ta rufe ta, sai ga karan fure ya ɓullo. Furannin ba sa buɗewa gaba ɗaya, na ƙasa ne ke fara, yana zubewa na sama na biyo baya, shi ya sa kara ɗaya ke ɗaukar watanni.

Ɗan Autan Lambu: Yaya, ki kuma lura da kwanson iri. Tana iya yi wa kanta barbara, sai ki ga kwanso ya kumbura a inda fure ya faɗi. Ni tsinke su nake yi suna ƙanana, don kada ƙarfinta ya tafi can. Irin da ke ciki gari ne kamar ƙura, ba ya tsirowa sai ya haɗu da wani fangas, dangin funfuna, a ƙasa. Duk da haka iska ta yaɗa ta har ta zama ta daji a Hawai da Fotoriko, alhali asalinta yankunan zafi na Asiya ne zuwa arewacin Ostireliya. Masanin tsirrai Carl Blume ne ya fara bayaninta a kimiyyance a 1825.

Hajiya Mai Shuke-shuke: Ni a gefen hanyar shiga gida na jera tawa, kuma sun ƙawata wurin sosai. Na fi son barin furen a jikinta da in yanko. In tukunya ta cika, nakan raba, amma kowane kashi ina barin dunƙule uku ko fiye, don guda ɗaya yakan daɗe bai farfaɗo ba. Dodon koɗi na cin sabon toho da daddare, da fitila nake bin su. In iska ta bushe kuma, ki riƙa duba bayan ganye, akwai mitsi-mitsin ƙwari masu yin saƙa, ki wanke su da ruwa.

Mai Furanni: Na gode ƙwarai. Kawu, na tone. Biyu sun ruɓe, sauran da tauri, har ɗaya na da toho a gefe. Shi mai tohon, in sa shi a tukunyarsa daban ne, ko in bar shi tare da 'yan uwansa?