Musayar Waƙa: Layin Say Zuwa Barwa

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan zaure. Ƙwar biyu ce yau, amsa-amo "wa". A kan yarjejeniyar 1890 na ɗora ta, wadda ta ja iyaka daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Cadi. Mai iyawa, bismillah.

Faransa da Ingila sun zauna,
Ƙasarmu a takarda suke yankawa.
Suka ja layi daga Say har Barwa,
Ba wanda ya tako nan dubawa.
Kudu Ingilishi, arewa Faransi,
Mu masu gida ko ba a sanarwa.

Alhaji Mai Shadda (Bakano):

Ɗan Birni bar kuka ka ji zance,
Baturenmu ya fi iya zaɓawa.
Ya ɗebe Kano da ruwa da gyaɗa,
Zakaran Faransa yashi ya sam tonawa.
A 1904 suka dawo roƙo,
A ba su hanya da rijiyar ɗebowa.

Na-Tirmini (ɗan Damagaram): To Alhaji, kai ka ja.

Ka zo garinmu kana sai da shadda,
Ka ci ka ƙoshi kana tsokanawa.
Mu Kazamaju na Faransa da ya zo leƙe,
A nan ya kwanta, ba tashiwa.
Ku Lugga ya aiko, Alu na Sakkwato,
Kafin azahar Kano ta gama faɗuwa.

Hajiya 'Yar Magariya: Ayyururui! Na-Tirmini, Allah ya ƙara basira. Alhaji, a sha ruwa tukuna.

Malam Na-Zango: Ku dakata. Alhaji, ɗangonka na biyar fa? Waƙa da baki ake rera ta. Ka ce "a dubu ɗaya da ɗari tara da huɗu suka dawo roƙo" da numfashi guda mu ji. Ka zuba alƙaluma ka ɓuya a bayansu, kari ya karye. Ɗango na huɗu ma ya yi nauyi. Kai kuma Na-Tirmini, "faɗuwa" da "tashiwa" sun sha da ƙyar.

Alhaji Mai Shadda: Allah gafarta Malam, shekarar gaskiya ce ko ba gaskiya ba? Zoben mil 100 da aka zana kewaye da Sakkwato a 1898 shi ya tura Faransawa cikin daji ba ruwa, sai da aka gyara musu iyaka. Na-Tirmini, ga taka:

Sunanka kansa abin kunya ne,
A Tirmini aka yi muku kamawa.
Ina igogin da Tanimu ya ƙera?
Kuren Daga ya bar gari da gudawa.
Mu Waziri Ahmadu a Kwatarkwashi,
Ya tsaya har mutuwa, ba juyawa.

Na-Tirmini: Kada ka ƙara sa Sarkin Damagaram Kuren Daga a bakinka haka. A Rumji aka kashe shi, bai miƙa wuya ba. Kuma ka tambayi tsofaffinku wa ya hana Kano barci kafin zuwan Nasara.

Ɗan Birni: Jama'a, a koma kan magana. Faɗan nan ai ya wuce Kano da Damagaram.

Faransi na so Dakar har Jibuti,
Ingilishi Masar har Kef ke dosawa.
A Fashoda Marshan ya kafa tuta,
Kicina ya zo, sai saukewa.
Suka juyo Cadi da rundunoni uku,
A Kusuri Rabe da Lami kwantawa.

Malam Na-Zango: "Ke dosawa" ciko ne, ɗana. Amsa-amon "wa" kasuwar rago ce, kowane aikatau ka ja wutsiyarsa sai ya ba ka. Mu da muka koyi aruli a zaure, karin Kamil ko na Mutadarak ake fara zaɓa kafin a buɗe baki.

Hajiya 'Yar Magariya: Baba Malam, kullum gyara, yaushe za mu ga naka baitin? Ni dai na sauya, ƙwar huɗu zan yi, wanda zai yi fushi ya yi.

Gwaggona tana can Baure,
Ni Magariya aka yi min aure,
Duwan da kwastan sun sa ƙyaure,
Zumunci sai an nuna takarda.

Alhaji Mai Shadda: Hajiya, wannan ta yi, ba ƙarya. Amma ki bar ni da mutumina:

Faransinku ma bai zauna ba,
A Yamai ya kai mulki don ƙishirwa.

1926 ke nan. Na fitar da ita waje saboda Malam.

Na-Tirmini:

Ka zo da naira cike da buhu,
Jakar sefa kaɗan kake komawa.

Alhaji Mai Shadda: Sefar da har gobe sunan Faransi ke bin ta? Bari in dawo daga kasuwar Dole.

Ɗan Matamaye (bayan kwana biyu): Afuwan, ba rezo a ƙauye. Ba wanda ya ambaci Sarauniya Mangu a Lugu, ko ɓarnar hafsoshin Faransa Bule da Shanuwan a Birnin Ƙonni? Ina haɗa baiti.

Malam Na-Zango: Hajiya, ɗangonki na biyu ya fi sauran ukun tsawo. Cire "min" ki sake rerawa. Alhaji kuma har yanzu ina jiran muryarka a kan 1904.