Muhawara: Shin salansa mai ƙara tana kare mai doguwar tafiya a kan babur?

Alhaji: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin cire salansar da ta zo da babur ɗina, BMW R 1250 GS, in sa ta kamfanin Akrapovič, sannan in zare toshin rage ƙarar da ke bakinta. Hujjata ita ce abin da masu baburan Harley-Davidson a Amurka suka daɗe suna faɗa, cewa ƙarar salansa tana ceton rai, domin direban da bai gan ka ba zai ji ka.

Injiniya: Wa'alaikumus salam, ranka ya daɗe. Wannan magana ban yarda da ita ba. Bakin salansa baya yake kallo, ƙarar ma baya take nufa, alhali haɗari daga gaba yake zuwa. Binciken da Harry Hurt ya jagoranta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, wanda ya fito a 1981 bayan an bi diddigin haɗarin babura 900 a yankin Los Anjeles, ya nuna cewa fiye da kashi uku cikin huɗu na abubuwan da ke kayar da mai babur ta gabansa suke ɓullowa, galibi motar da ta juya ta gitta masa hanya. Direban da ya ɗaga gilasai, ya kunna na'urar sanyaya mota da rediyo, ba zai ji ka ba sai kun yi kafaɗa da kafaɗa.

Malam: Injiniya, hanyoyin Los Anjeles daban, namu daban. Idan kana ratsa gari ranar kasuwa, masu tafiya a ƙasa da masu turin baro suna jin babur mai ƙara tun daga nesa, su kauce.

Injiniya: Aikin hon ke nan, Malam, shi kuwa gaba yake kallo, kuma ba ya tayar da jariri da mara lafiya a kowane ƙauye ka bi.

Ogan gareji: Alhaji, bari in yi magana a kan ƙarfen kansa. Idan tulun ƙarshe kaɗai za ka sauya, wato ɓangaren salansar na baya inda hayaƙi ke fita, matatar hayaƙi tana nan a wurinta, kwamfutar injin za ta daidaita mai da iska da kanta. Ribar da za ka samu ita ce sauƙin nauyi, tunda titaniyom, ƙarfen da ake ƙera sabon tulun da shi, ya fi baƙin ƙarfe rashin nauyi, amma ƙarin ƙarfin injin kaɗan ne ƙwarai. Idan kuwa bututun gaba ɗaya ka sauya tun daga bakin injin, ka cire matatar ba tare da an sake saita kwamfutar ba, mai zai iya yin ƙaranci a cikin iska, injin ya riƙa ɗaukar zafi, wanda ba abin wasa ba ne a hanyar Kano zuwa Abuja cikin bazara. Ka kuma auna tazarar salansar da akwatin kayanka na gefe, domin na sha ganin jakar da zafi ya narkar. Jabun Akrapovič ma ya cika kasuwa, tambari kawai ake liƙa masa.

Hajiya: Ni da nake zama a baya, salansar tana dab da kunnena. Masana lafiyar ma'aikata sun ƙayyade cewa iyakar ƙarar da kunne zai ɗauka ita ce desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Kukan iska a cikin hular kwano kaɗai yakan wuce wannan a gudun babbar hanya, balle a ɗora masa gurnanin salansa tun safe har la'asar. A yankin Tirol na ƙasar Ostiriya, tun 2020 aka hana baburan da ƙararsu a tsaye ta haura desibel 95 bin wasu hanyoyin tsaunuka a lokacin zafi, saboda koke-koken mazauna wurin.

Alhaji: Allah ya saka da alheri. Zan sa tulun ƙarshe kaɗai, in bar toshin a ciki saboda kunne. Sai dai, Injiniya, har yanzu ina ganin direban tirela ya fi lura da babur mai murya.

Injiniya: Ƙarar injinsa ta rufe taka, ranka ya daɗe. Abin da zai gani a madubinsa shi ne fitilarka da riga mai ƙyalli.