Neman kalma: me za mu kira yadda jiki ke sanin inda gaɓoɓinsa suke?

Mai gashin ƙashi, Unguwar Rimi
Assalamu alaikum malamai da iyaye. Ina rubuta wata 'yar takarda da Hausa wadda za mu riƙa miƙa wa masu ciwon suga da tsofaffin da ke yawan faɗuwa, sai na maƙale a kan abin da ake kira proprioception a Turance. Ga abin da ake nufi: ka rufe ido, ka ɗaga hannunka sama, ka lanƙwasa shi. Ba ka gan shi ba, ba kuma abin da ya taɓa shi, amma ka san inda yake, ka san ko a miƙe yake ko a lanƙwashe. Shi ya sa ko an ɗauke wuta kana tsakiyar cin tuwo loma ba ta nufar hanci, shi ya sa direba ba ya leƙa ƙafarsa kafin ya taka birki.

A cikin tsoka akwai wasu 'yan mitsi-mitsin zare da ke auna yadda tsokar ta miƙe da kuma saurin miƙewar. Turawa da mazari suka sa musu suna, saboda siffarsu. A inda tsoka ta haɗu da jijiyar da ke ɗaure ta da ƙashi, irin su agara, akwai wasu masu auna ƙarfin ja, ana kiransu da sunan Golgi, likitan Italiya da ya gano su. Fata da mahaɗar ƙashi su ma suna kawo nasu rahoton. Duka yana bi ta laka ya hau ƙwaƙwalwa, ba dare ba rana. Ni dai "jin jiki" na fara rubutawa.

Ɗan Rigasa
Anti, kada ki soma. Ki ce da tsoho, "Baba, jin jikinka ya ragu," ai sai ya ce Alhamdulillahi, sauƙi ya samu.

Malamin Hausa, Kawo
Ya faɗi gaskiya, Hajiya. Jin jiki yana da mai shi tuntuni, wahala ce da ciwo. Jin kai ma haka, ko dai a fahimci girman kai ko a haɗa shi da jinƙai. Kafin mu ci gaba, wanda ya ƙago kalmar, me ya nufa da ita? Wani lokaci in aka tono asali ana samun bakin zaren.

Likita, Barnawa
Malam, wani masani ne ɗan Ingila, Charles Sherrington, ya shigo da ita a 1906. Daga Latin ya ɗauko farkonta, ma'anarsa "na kai", abin da yake mallakin mutum. Shi ya kasa hanyoyin ji gida uku: waɗanda ke kawo labarin waje kamar ido da fata, waɗanda ke kawo labarin kayan ciki, sai waɗanda ke kawo labarin tsoka da gaɓoɓi. Na ukun nan muke nema. Ya samu kyautar Nobel a 1932. Amma in muka bi asalin sau da ƙafa, kan "jin kai" za mu sake faɗawa.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada
A littattafan Larabci al-hissul amiƙ suke cewa, wato ji mai zurfi. Me zai hana mu ara?

Malamin Hausa, Kawo
Akaramakallah, ji mai zurfi bai faɗi abin da ake ji ba. Mai jin Hausa zai ɗauka ana maganar mai kaifin kunne ne, ko mai fahimtar zance da wuri.

Tsohon ɗan jarida, Malali
Ni ban ga abin wahalar da kai ba. Lokacin da muke fassara labarai, in kalma ta gagara, abin da take haifarwa muke faɗi. Ku ce daidaiton jiki, a wuce wurin.

Likita, Barnawa
Yallaɓai, a nan ne zan tsaya da ƙafafuna, domin in aka yi haka an cuci mara lafiya. Daidaito sakamako ne, kuma daga wuri uku ake haɗo shi. Na farko ido. Na biyu cikin kunne: can ciki akwai bututu uku masu lanƙwasa cike da ruwa, su ke gane juyawar kai, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan duwatsu, su ke gane karkata da tafiya gaba ko sama. Yaron da ya yi ta juyi har ya tsaya ya ga duniya tana zagayawa, ruwan bututun nan ne bai gama lafawa ba. Na uku shi ne abin da Hajiya ke nema wa suna. Duka ukun suna haɗuwa a gindin ƙwaƙwalwa da kuma ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya. Ita wannan ƙaramar ba ta wuce kusan kashi 10 cikin 100 na nauyin ƙwaƙwalwa ba, amma kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa a cikinta suke. Aikinta ta gwada abin da ka yi niyya da abin da ƙafarka ta yi, ta gyara kafin ka ankara.

To, mutum uku za su iya shigo maka suna tangaɗi, kowa da dalilinsa. Wanda matsalarsa ta kunne ce yakan zo da hajijiya da tashin zuciya, kuma ga Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa nan a garin Kaduna. Wanda ta ƙeya ce, ko idonsa a buɗe ko a rufe tangaɗin yana nan. Na ukun kuwa, muddin yana kallon ƙasa zai tsaya, da ya rufe ido sai ya fara layi. Da haka muke rarrabewa: a sa shi ya haɗe ƙafafu ya tsaya, sannan ya runtse ido. Gwajin yana ɗauke da sunan Romberg, wani likitan Jamus na ƙarni na 19. In duka muka kira su rashin daidaito, ta ina za mu gaya wa kowa inda zai nufa?

Tsohon ɗan jarida, Malali
Na gane, Likita. Duwatsun murhu uku ke nan.

Likita, Barnawa
Kusan haka, sai dai tukunya ba ta zama a kan dutse biyu, mutum kuwa yana tsayawa da biyu. Shi ya sa abin yake ɓuya. Mai ciwon suga zai yi shekaru ido yana rufa masa asiri, sai ranar da ya fito masallaci da Asuba babu wuta.

Akwai wani Bature ɗan Ingila, Ian Waterman, da likitoci suka daɗe suna nazarin lamarinsa. A 1971, yana ɗan shekara 19, wata rashin lafiya ta lalata masa jijiyoyin da ke kawo wannan labari daga wuya zuwa ƙasa. Ƙarfinsa yana nan, tsokarsa ba ta shanye ba, yana jin zafi da sanyi, amma ya kasa ko zama. Daga baya ya koyi tafiya da ido: sai ya kalli ƙafa, ya shirya takun a ransa, sannan ya taka. In aka kashe fitila ba zato, faɗuwa yake yi. Duk kalmar da za mu zaɓa, dole ta iya faɗin abin da wannan mutum ya rasa ba tare da an ce ya shanye ba.

Mai gashin ƙashi, Unguwar Rimi
Bari in ƙara da yadda abin yake a ɗakin aiki, ko zai taimaka wa Malam. Ina sa mutum ya kwanta ya rufe ido. Sai in kama babban yatsan ƙafarsa ta gefe da gefe, ba ta sama da ƙasa ba, don kada matsin yatsuna ya ba shi amsa. In ɗan ɗaga ko in ɗan sauke, in tambaya, "Mama, sama na yi ko ƙasa?" Mai lafiya ko ɗan motsi kaɗan ne zai gane. Wata kuwa sai ta yi shiru, ta ce, "'Yata, kin taɓa ne ma?" Abin da suka fi kawo kuka a kai: silifas ya fice daga ƙafa ba su sani ba, ko kuma in sun runtse ido za su wanke fuska a tsaye sai su ji za su kife. Ciwon suga ne kan gaba a wurinmu, amma ƙarancin bitamin B12 ma yana yi. Ko mai lafiya da ya yi targaɗe a idon sawu, abin yakan ragu a wannan ƙafar, shi ya sa ake sake targaɗe a wuri guda. Muna sa su tsayuwa da ƙafa ɗaya don ya dawo.

Malamin Hausa, Kawo
Madalla. To ga tawa: jin gaɓa. "Ji" a Hausa faffaɗa ce, muna jin wari, muna jin ɗaci, muna jin sanyi, muna jin Hausa. "Gaɓa" kuma ta haɗa mahaɗar ƙashi da hannu da ƙafa gaba ɗaya.

Ɗan Rigasa
Malam, da girman kujerarka. In kakata ta ce "yau ina jin gaɓoɓina", man zafi take nema. Sannan ka duba yadda muke rubutu a waya. Rabinmu ba mu da ɓ mai lanƙwasa. Jin gaɓa zai koma jin gaba, ni kuwa ba zan fassara wannan a gaban iyaye ba.

Malamin Hausa, Kawo
Ɗan nan ba ka da dama. Na janye. Amma ka ba mu darasi: mu yi amfani da jam'i, domin gabobi ko ba lanƙwasa ba ya rikicewa da komai.

Ɗalibar likitanci, Badarawa
In an yarda ƙarama ta sa baki, me zai hana a ce sanin gaɓoɓi? Sai a kauce wa "ji" da ke jan hankali zuwa ciwo.

Likita, Barnawa
Ƙanwata, ga inda nake shakka. Mafi yawan wannan aiki ba da saninka ake yi ba. In na buga maki 'yar guduma a ƙasan ƙoƙon gwiwa, ƙafar za ta harba kafin labari ya kai ƙwaƙwalwa, domin a laka saƙon ya juyo. Wanda ke zuwa ƙaramar ƙwaƙwalwa ma ba ya bi ta tunani. Ta yaya za a kira shi sani?

Malamin Hausa, Kawo
Likita, a Hausa ba zuciya kaɗai ke sani ba. Muna cewa ƙafa ta san hanya, hannun masaƙi ya san aikinsa. Ba wanda zai ji wannan ya ɗauka ƙafa ta zauna ta yi tunani. Matsalar sanin gaɓoɓi wata ce daban: kamar darasin aji ne, a ce yaro ya san sunayen gaɓoɓin jiki. Akwai abin da ya faɗi a tsakiya. Ba gaɓoɓin ake sani ba, yadda suke zaune ake sani. Sanin zaman gaɓoɓi.

Malamin Islamiyya, Tudun Wada
Ni kuwa tun ɗazu karin maganar nan ke yi mini yawo, jiki magayi.

Malamin Hausa, Kawo
A bakin Bahaushe wannan gargaɗi ne ga mai taurin kai, ba za ta zama sunan abin ba. Amma ka tono mana kalma mai kyau, Akaramakallah. Waɗancan 'yan zaren na cikin tsoka da agara, ai gaya wa ƙwaƙwalwa suke yi. Magayi, jam'i magaya. Magayan gaɓoɓi. Mai siffar mazarin kuma a bar shi mazarin tsoka, ba sai an yi nisa ba.

Ɗalibar likitanci, Badarawa
Magayan gaɓoɓi ta zauna daram. Har an gano ƙofar da ke cikinsu wadda ke buɗewa in an ja tsoka, sunanta Piezo2, tana cikin aikin da ya sa Ardem Patapoutian ya samu Nobel a 2021. Sai dai "zama" ya bar motsi da ƙarfi a waje, Malam. Da wannan jin ne mutum ke gane bokiti cike yake ko rabi tun bai leƙa ba.

Malamin Hausa, Kawo
'Yata, ba sunan da ke ɗauke duk kayan gidansa. Ta Turancin ma ba ta ambaci motsi ba. In kina rubuta jarrabawa ki ce sanin zama da motsin gaɓoɓi, ba wanda zai rage maki maki.

Tsohon ɗan jarida, Malali
Har yanzu ban gamsu ba. Kalma uku ta yi wa baki yawa, mai karanta labarai zai datse ta, kuma mutanen gari su ke da hukuncin ƙarshe. Amma tunda ba ni da wadda ta fi ta, na yi shiru.

Mai gashin ƙashi, Unguwar Rimi
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na gwada ta a jimla ta shiga: ana iya cewa ya ragu, ya ɓace, ya fara dawowa. Ga abin da zan sa a takardar:

"Ciwon suga yana iya rage maka sanin zaman gaɓoɓi, wato ka daina gane yadda ƙafarka ta taka ƙasa sai ka duba. In takalmi yana fice maka ba ka sani ba, ko kana layi in ka rufe ido, ka gaya wa likita. Ka zauna in za ka yi alwala. Ka riƙe tocila in za ka fita da dare ko da Asuba."

Likita, Barnawa
Ya yi, Hajiya. Ki ƙara layi ɗaya: kada kowa ya gwada tsayuwar rufe ido shi kaɗai a gida, sai da wani mai ƙarfi tsaye a gefensa.