Wai da gaske ne an samo maganin sikila a Turai? Masu sani ku taimaka

Maman_Abba

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah tambaya gare ni, jiya ƙanwata ta turo min wani bidiyo a WhatsApp wai Turawa sun gano maganin sikila wanda ake warkewa gaba ɗaya, wai gyara jinin ake yi da wani abu kamar almakashi. Ɗana na biyu SS ne, shekararsa 14, wannan sanyin da ya wuce kaɗai sau uku muna kwanciya asibiti, ciwon in ya tashi a ƙafa yake kama shi da baya, yaro yana birgima yana cewa Umma ki danna min, ni kuma ba abin da zan iya sai ruwan zafi da tawul da addu'a har a samu gado. Wallahi na gaji da jin an samo magani, mun sha na gargajiya mun sha na kwalba da ake tallansa a mota, kuɗi kawai suka tafi. To wannan ɗin gaskiya ne ko shi ma irin na masu neman mabiya ne? In gaskiya ne allura ce ko ƙwaya, kuma nawa ne?

Dan_Fagge

Hajiya ki yi hattara kawai. In kika ga bidiyon ya ƙare da lambar waya to kin san sauran. Allah ya ba shi lafiya.

Mai_Lab

Wa'alaikumus salam Maman Abba, Allah ya ba yaron lafiya. Maganar Dan_Fagge tana kan hanya game da masu lambar waya, amma shi maganin akwai shi da gaske, sunansa Casgevy. Ingila ce ta fara amincewa da shi a Nuwamba 2023, Bahrain ta biyo baya a farkon Disamba 2023, sai Amurka ranar 8 ga Disamba 2023, daga baya Saudiyya ma ta amince. Kamfanoni biyu ne suka yi shi, Vertex da CRISPR Therapeutics.

Almakashin da kika ji shi ake kira CRISPR. Asalinsa ma ba mutum ne ya ƙirƙiro shi ba, a jikin ƙwayoyin bakteriya aka gan shi, da shi suke daddatsa ƙwayar bairos in ta shigo musu. Wasu mata biyu, Emmanuelle Charpentier 'yar Faransa da Jennifer Doudna 'yar Amurka, su suka nuna a 2012 cewa za a iya saita shi ya je ya yanka daidai inda ake so a cikin ƙwayar halitta, suka ci kyautar Nobel a 2020.

Bari in tambaye ki, Abba yana jariri sabuwar haihuwa ya yi ciwo? Na san za ki ce a'a, sai da ya kai wajen wata shida sannan hannu da ƙafa suka fara kumbura. Dalili shi ne jariri tun yana ciki akwai wani irin sinadarin jini da yake amfani da shi, himogulobin F, shi wannan ba ya lanƙwashewa ya zama lauje. Bayan haihuwa sai jiki ya kashe makunninsa ya koma yin irin na manya, to a wurin mai SS na manyan ne ke da matsala, harafi ɗaya tak ne ya canza a rubutun halittarsa amma shi ke sa ƙwayar jini ta yi tauri ta toshe ƙananan jijiyoyi, kuma maimakon ta yi kwana 120 tana aiki sai ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20, shi ya sa kullum jini ke ƙasa ido ya yi rawaya. Abin da masu binciken suka yi wayo ne, ba su taɓa harafin da ya lalace ba ma, sun je wajen mai kashe makunnin ne, ana ce masa BCL11A, suka datse shi, sai ɓargo ya ci gaba da yin jinin jarirai har girma.

A gwajin da hukumar magunguna ta Amurka ta duba, mutum 31 aka bibiya isasshen lokaci, 29 daga ciki sun yi aƙalla wata 12 a jere ba tare da ciwo mai tsanani ya tashi ba. Mai sikila ta farko da aka yi wa wata baiwar Allah ce Victoria Gray daga jihar Misisifi, a 2019 a garin Nashbil, ta sha fitowa tana ba da labarinta.

Maman_Abba

Ikon Allah! Wallahi haka aka yi Malam, wata bakwai gare shi yatsunsa suka kumbura kamar an hura, kakarsa ta ce wai shawara ce. To yanzu ta ina ake samu?

Mai_Lab

Nan ne gizo ke saƙar Hajiya. Ba allura ba ce da za a yi a kemis a tafi gida. Da farko za a yi ta ƙarin jini na kusan wata biyu, sannan a jona mutum da na'ura ta tace uwayen ƙwayoyin jini na ɓargonsa, wani sai an maimaita sau biyu sau uku kafin a samu isassu. A tura su ɗakin bincike a gyara, wannan kaɗai yana iya ɗaukar wata shida. Kafin a mayar masa sai an ba shi kemo mai ƙarfi, busulfan, irin na masu kansa, na kwana huɗu, don a share tsohon ɓargon sabon ya samu wurin zama. Gashi ya zube, baki ya yi gyambo har ruwa ya gagara haɗiya, garkuwar jiki ta faɗi ƙasa warwas, sai an killace shi a asibiti wata ɗaya ko fiye. Kuɗin maganin kawai a Amurka dala miliyan 2.2 ne, ban da asibiti ban da jirgi, in kin lissafa dala a naira 1,500 ya haura biliyan 3. Akwai wani ma Lyfgenia da aka amince da shi rana ɗaya da wannan, shi dala miliyan 3.1.

Dan_Fagge

Tab! Biliyan uku. Ashe maganin 'ya'yan gwamnoni ne. Mu da aka ce ana haifa mana jarirai masu sikila wajen 150,000 duk shekara a Najeriya, mun fi kowa a duniya, amma maganin yana can inda ba su kai mu ba.

Yar_SS_ce

Anti Maman Abba sannu da ƙoƙari, ki gaida min ƙanina. Ni shekarata 27 da wannan ciwon kuma na bi labarin nan tun yana gwaji, har kuka na yi ranar da na ga matar nan tana cewa ta daina kwanciya asibiti. Amma akwai abu biyu da masu bidiyo ba sa faɗa. Kemon nan yana iya kashe haihuwa, mace da namiji, shi ya sa can sai an cire ƙwai ko maniyyi an ajiye kafin a fara, ku kuwa kun san garinmu, mu da ake ce mana ba ma daɗewa a gidan miji saboda jinya ina ga an ce ba haihuwa kwata-kwata. Ni da za a ba ni kyauta yau wallahi sai na yi istihara tukuna.

Na biyu, wanda aka yi wa bai koma AA ba fa. Ɓargonsa kawai aka gyara, abin da zai gadar wa 'ya'yansa yana nan yadda yake, in ya auri AS rabi da rabi ne kowane ciki ya zo SS. Kuma ɓarnar da ciwon ya riga ya yi, kamar ni da ƙugu na dama ya cinye nake ɗingishi, ba dawowa zai yi ba. Su kansu masu maganin sun ce sai sun bibiyi mutanen shekara 15 kafin a san ƙarshen abin.

Abu_Hanifa22

Ni tambayata wannan bai shiga canza halittar Allah ba kuwa?

Yar_SS_ce

Malam wannan sai malamai, amma ni a ganina ƙwayar jikinka ce aka cire aka yi mata magani aka mayar maka, ai ya fi dashen ƙoda sauƙi ma tunda ita ƙodar ta wani ce. Ranar da ka ji ƙashinka kamar ana kwankwatsa shi da guduma ƙarfe biyun dare za ka fahimci me ya sa muke bin labarin.

Sista_Nas

Maman Abba ni abin da ya fi damuna ban ji kin ambaci haidiroksiyuriya ba. Yana sha? Don abin da wancan na biliyoyin yake yi na tayar da jinin jarirai, wannan ƙwayar ma shi take yi, sai dai nata kaɗan ne kuma sai an sha kullum, ba ta warkarwa amma tana rage tashin ciwo da yawan ƙarin jini sosai. Kuma ba labarin Turai ba ne, a nan aka gwada ta. Asibitin Malam Aminu Kano da na Murtala da Barau Dikko na Kaduna sun yi bincike tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka a kan yara 220 da hoton jijiyar kai ya nuna suna cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, aka ba wasu ƙaramin awo wasu matsakaici, sakamakon ya fito a 2022, duka biyun sun kare yaran kusan daidai. Abin da ake yi a Amurka wa irin waɗannan yaran ƙarin jini ne duk wata, mu kuwa ina jinin yake, shi ya sa binciken nan ya yi mana rana.

Iyaye da yawa suna gudunta don sun karanta takardar cikin kwali sun ga an rubuta maganin kansa, sai su ajiye a saman firji ba su faɗa wa likita ba, sai yaro ya dawo a galabaice sannan gaskiya ta fito. Kar ki saya da kanki dai, likitan jini ne zai auna nauyinsa ya sa awo, kuma ana duba jini lokaci-lokaci don tana iya rage fararen ƙwayoyi. Ki kuma tambaya ko an taɓa yi masa hoton kan nan, ana yi wa yara daga shekara 2 zuwa 16, ba zafi, kamar sikanin ciki ne a gefen kunne.

Dashen ɓargo ma ana yi a ƙasar nan, asibitin koyarwa na Benin ya fara tun 2011, na Legas ya fara a 2024, amma shi sai an samu ɗan'uwa ciki ɗaya da ɓargonsu ya dace kuma shi ma miliyoyi ne.

Maman_Abba

Sista kamar kina gidanmu. An rubuta masa bara, babansa ya karanta takardar ya ce ba za a ba ɗansa maganin kansa ba, kwalin yana nan cikin durowa ko ɓarewa ba a yi ba, folik asid kawai yake sha da na maleriya. Hoton kai kuwa ban taɓa ji ba sai yau. Ranar Talata muke da kilinik, zan lallaɓa baban mu tafi tare ya ji daga bakin likita don ni in na faɗa cewa zai yi a waya na gani. Wancan na durowa in duba kwanan watansa ko in zubar kawai?

Sista_Nas

Kar ki zubar a shara, ki tafi da shi a kwalinsa ki nuna musu, nauyinsa ma ya canza daga bara sai an sake awo. Ki riƙo katinsa da sakamakon jinin da aka yi masa na ƙarshe.