Neman kalma: "generation" na furosesa, tsara za mu ce ko zubi?

Assalamu alaikum jama'a. Akwai kalmar da rashinta a Hausa yake cin kuɗin mutane a shagunan kwamfuta na Bauchi. Ita ce "generation", wadda 'yan kasuwa suka gutsure ta koma "jen". Ita ce take nuna rukunin da furosesa ta fito a cikinsa, tsoho ne ko sabo; furosesa kuwa ita ce ɗan sashen da ke yin lissafin kwamfuta. Mutum zai zo daga Yelwa ko Gwallameji ya ce furosesar Core i7 ta kamfanin Intel yake so, don ya ji ana cewa bakwai ta fi biyar, biyar ta fi uku. A miƙa masa kwamfutar tebur mai i7-3770, ya biya ya tafi yana murna. Furosesar nan a 2012 ta fito. Ƙaramar i3-12100 ta 2022 za ta wuce ta fintinkau a kowane aiki. Abin da ya raba su shi ne lambar farko bayan ɗan layin nan, wato 3 da 12, kuma ita ce ba mu da sunanta.

Maganar ta ƙara zafi tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025. Jerin furosesocin da Windows 11 ta amince da su daga jen na 8 na Intel ya fara, in ka cire 'yan ƙalilan, sai Ryzen 2000 a ɓangaren AMD, ɗaya kamfanin da ke ƙera furosesa. Masu shagon buga takardu da masu cibiyoyin jarabawa suna ta tambaya ko su canza ko su dakata. Ta yaya za a yi wa mutum bayani ya yanke shawara da kansa alhali kalmar da shawarar ta rataya a kanta baƙuwa ce a kunnensa? Ni dai "zubi" nake gani: zubi na 3, zubi na 8, zubi na 12. Amma ina son jin na gaba da ni.

Malamin Hausa, Azare:

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a je nesa a duba abin da ke hannu. Muna da "tsara", muna da "ƙarni", muna da "zamani". Ƙarni a asalinsa na Larabci yana ɗaukar ma'anar al'ummar da ta rayu a lokaci guda, shi ya sa malamai suke cewa ƙarnuka uku na farko. Sai dai a bakin Bahaushen yau shekara ɗari yake nufi, don haka ni da kaina na janye shi. Tsara nake goyon baya. Tsara su ne waɗanda aka haifa lokaci ɗaya, kuma abin da Baturen yake nufi ke nan.

Mai tambaya:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Na yarda tsara ta kama rabin ma'anar, kuma akwai wurin da babu kamarta. In na ce i3-8100 da i5-8400 da i7-8700 tsara ne, kowa ya gane: lokaci ɗaya suka fito, ƙarfi ne ya bambanta. Inda take ba ni matsala shi ne wajen ƙirga. Tsara kalma ce ta kwatanta wani da wani, wane tsaran wane ne. Ban taɓa jin an ce tsara ta huɗu ko tsara ta goma sha biyu a maganar yau da kullum ba, kuma mu a kasuwa ƙirgar muke bukata, don ita ce a rubuce a jikin kaya. Zamani kuma ya riga ya tafi wani wajen. Da ka ce "na zamani" an ji sabo ke nan, ba za a tsaya jin na nawa ba.

Mai gyara, Wunti:

Yallaɓai ni ban ga abin wahala ba. Kowa ya san jen. Yaran shagona ma da ba su gama sakandare ba suna cewa eit jen, ten jen. Mun ari mota, mun ari kwamfuta, mun ari furosesar kanta. A bar jen ta zauna.

Mai tambaya:

Maigida, yaran shagonka sun sani domin a cikinta suke kwana suke tashi. Wanda ya shigo da kuɗinsa fa? Aro ba laifi ba ne, ni ma furosesa nake cewa, ban ce ƙwaƙwalwa ba, don ƙwaƙwalwa tana rikicewa da ram, wato inda kwamfuta ke riƙe aikin da ake kan yi, da kuma ma'ajiya. Amma furosesa abu ce da za ka ɗauko ka ɗora a tafin hannun mutum ya gani. Jen ba a ganinta. In kalmar ba ta ɗauke da ma'anarta a cikinta, mai saye sai dai ya gyaɗa kai kawai. Ga kuma janareta, wanda wasu ke kira jen, a garin da kowane shago yake da ɗaya a bakin ƙofa.

Bari in faɗi abin da ya sa na nace wa zubi. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen masu zubin tukwanen alminiyam ya ga yadda ake yi: a danna tukunya cikin damshin ƙasa a fitar da siffarta, a narka ƙarfe a zuba, a jira ya huce a fasa ƙasar. Abin da ya fito a zuba ɗaya, babba da ƙarami, zubi ɗaya ne. Kuma muna cewa "zubinsa irin na mahaifinsa", muna nufin siffa da ƙira. Ma'anoni biyun nan, fitowa a lokaci ɗaya da kuma siffa ɗaya, su ne daidai abin da mai saye yake bukatar ya sani, domin siffar ce take cin kuɗi.

Kowace furosesa tana da gurbin da take zama a jikin madabod, wato babban allon cikin kwamfuta da duk sassa suke hawa. Zubi na 2 da na 3 na Intel gurbinsu LGA1155. Na 4 ya koma LGA1150. Na 12 da 13 da 14 duk LGA1700 suke hawa. Wanda yake da zubi na 4 ya ce zai koma na 12, ba furosesa kaɗai zai saya ba. Sai ya sayi madabod, sai ya sayi ram, domin tsohuwar ram ɗinsa, nau'in DDR3, ba za ta shiga sabon allo ba. Kaya uku ke nan. In kuma irin kwamfutocin ofis ɗin nan ne na hannu da ake shigowa da su, ƙanana masu kwanciya a tebur, sau da yawa allonsu da tukunyar wutarsu, wato akwatin da ke raba wa sassa wuta, ƙirar kamfanin ce ta musamman, sabon allo ba zai zauna a gidan ba. A nan magana ta tashi daga ƙara ƙarfi ta koma sayen sabuwar kwamfuta, kuma gara a faɗa wa mutum haka tun kafin ya kwance kuɗinsa. Akwai ma tarko a tsakiya: zubi na 6 zuwa na 9 duk gurbinsu LGA1151 ake kiransa, amma allon na 6 da na 7 ba ya karɓar na 8 da na 9.

AMD ta fi sauƙi a nan. Gurbin AM4 ya ɗauki Ryzen 1000 na 2017 har zuwa Ryzen 5000 na 2020. Mai tsohon allon AM4 yakan iya sabunta BIOS, wato 'yar manhajar da ke cikin allon kansa, ya ɗora zubin baya-bayan nan, ram ɗinsa na nan, allonsa na nan. AM5 da ya zo a 2022 kuwa DDR5 kawai yake ci.

Ɗaliba mai karatun zanen gine-gine, Gubi:

Yaya, na fahimta, kuma zubi ya zauna mini a baki. Tambayata ita ce, duk sabon zubi ya cancanci a bi shi? Tawa i5-7500 ce, tana jan ƙafa in na buɗe manhajar zane ta AutoCAD. Sannan wata ƙawata ta ce zubi adashi yake tuna mata.

Mai tambaya:

Ƙanwata, na adashi ba zai dame mu ba, shi ma ai zagaye ne da ake ƙirgawa, na farko, na biyu. Babu wanda zai ji "i5 zubi na 7" ya zaci kuɗi ake tarawa.

Ba kowane zubi ake bi ba. Wani tsallen babba ne, wani kuwa taku ɗaya ne. Taki tana da ƙwayoyin aiki 4, i5-8500 da ke bin ta tana da 6, kuma ita Windows 11 ta karɓe ta, taki ba ta cikin jerin. Wannan tsalle ne na gaske. Amma daga zubi na 13 na 2022 zuwa na 14 na 2023, ƙirar ciki ɗaya ce, Raptor Lake, an ɗan ɗaga gudu ne a yawancinsu. Wanda yake da na 13 ya fitar da kuɗi don na 14, ni a ganina ya yi asara. Kafin ki taɓa furosesa ma, buɗe Task Manager, wato tagar Windows da ke nuna nauyin da kowane sashe yake ɗauka, lokacin da take jan ƙafar ki ga wane ne ya cika. In har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a ciki, SSD, wato sabuwar ma'ajiya mai sauri marar juyawa, za ki fara saya. In ram ɗin 8GB ce, ki kai ta 16. Sau da yawa a nan ciwon yake, kuma kuɗinsa bai kama ƙafar na sabon allo ba. In kin yi duka biyun furosesar ce dai take cika, to kada ki tsaya a na 8 tunda dole ki canza allo, ki tara ki haura na 12.

Ki kuma sa wuta a lissafi. Da yawanmu a kan sola da inbata muke aiki. i5-12400 ba ta wuce wat 117 in ta ƙure, i7-14700K kuwa tana kaiwa 253. A zafin Maris da Afrilu na Bauchi, da ƙurar hunturu da ke toshe fanka, wannan bambancin za ki ji shi a batir, ki ji shi a ɗaki.

Malamin Hausa, Azare:

To, na sauko, amma da sharaɗi. A ce zubi wajen ƙirga, a bar tsara wajen kwatanci. Su i3 da i5 da i7 kuma a kira su aji, kada a cakuɗa. Sai a ce: aji i5, zubi na 8. Madalla da wannan.

Mai gyara, Wunti:

Zan gwada a rasit in gani. Amma ga wata: Intel ta daina wannan ƙirgar. Waɗanda suka fito a Oktoba 2024 Core Ultra 200S ake ce musu, gurbinsu LGA1851, babu mai cewa jen na 15 a kwalinsu. Yaya za ka yi da su?

Mai tambaya:

Nan ma zubi ya fi jen aiki, maigida, don ba lamba kaɗai yake ɗauka ba. Sai ka rubuta "zubin Ultra 200", ko "zubin 2024", kamar yadda za ka rubuta "zubin Ryzen 9000". A rasit ɗin ka ƙara layi ɗaya a ƙasa, ka sa sunan gurbin da irin ram ɗin da allon yake ci, don ranar da mai kayan zai dawo neman ƙari ya san ko abu ɗaya zai saya ko uku.